Borin jini mai shaƙe numfashi: wace doka ta dace da makarantun ƙasar Kurfai?

A cikin watan Satumba na shekarar 2010 gundumar Filinge ta zama wuri na farko a Nijar da aka yi wa jama'a sabuwar allurar rigakafin sanƙarau da ake kira MenAfriVac. Cikin ƴan kwanaki ma'aikatan lafiya suka bi garuruwa da ƙauyuka da rugage, suka yi wa mutane fiye da dubu 350 allura, daga ɗan shekara 1 zuwa mai shekara 29. Da yake karo na farko ne, mahukunta sun sa ido ƙwarai, duk wanda ya koka da wani ciwo bayan allura sai an rubuta shi an bincika. Da aka gama lissafi, cikin manyan matsalolin da aka kawo guda ɗaya ce rak masana suka ce mai yiwuwa allurar ce ta jawo ta: mutum guda ya yi borin jini, jikinsa ya yi rudu-rudu, numfashi kuma ya sarƙe masa. Mutum ɗaya cikin dubu 350 ba abin da zai hana kowa rigakafi ba ne, balle in an tuna dubban rayukan da sanƙarau ya riƙa ɗauka kowace bazara a shekarun baya, kuma tun daga wancan aiki nau'in cutar da ake kira A ya kusa ɓacewa daga ƙasashen Sahel. Sai dai labarin ya tabbatar da cewa irin wannan mummunan borin jini yana nan a ƙasar Kurfai kamar yadda yake ko'ina a duniya.

Ƙa'idar aikin rigakafi ta tanadi cewa masu allura su riƙa tafiya da maganin gaggawa na wannan ciwo, wato adirenalin. To, amma ranar rigakafi rana guda ce. Sauran ranakun shekara yaro yana lakwal tun safe, daga shi sai mushe da ƴan ajinsu, kuma ƙudan zuma ko rina ba su jiran zuwan likita kafin su yi harbi. Wannan shi ya sa ƙasashe da dama suka kafa dokoki a kan ajiye maganin a makaranta, kuma ya kamata a duba ko akwai abin ɗauka cikinsu ga makarantun Filinge da Shikal da Luma da sauran ƙauyukan Dallol.

Hausawa sun san ƙaramin borin jini: mutum ya ci wani abu ko ya sha wata ƙwaya, sai ƙaiƙayi da kumburi su feso masa, bayan ƴan sa'o'i su lafa. Babbansa shi likitoci ke kira anafilaksi, kuma sunan bori kawai ya ara, babu ruwansa da iskoki. Wasu masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara bayyana shi a 1902, bayan da suka ga karen da suka taɓa yi wa allurar wani dafin teku bai sami kariya ba, da aka sake yi masa ɗan kaɗan bayan makonni sai ya faɗi ya mutu cikin ɗan lokaci. Richet ya sami lambar Nobel a kan wannan aiki a 1913. Abin da ke faruwa shi ne, dakarun da Allah ya sa cikin jiki don yaƙar cuta sukan yi kuskure su ɗauki abu maras lahani, kamar gyaɗa ko madara ko ƙwai ko kifi, a matsayin abokin gaba. Haɗuwar farko sau da yawa ba a ganin komai, jiki yana riƙe da abin ne kawai. In an sake haɗuwa sai su tashi gaba ɗaya: jijiyoyin jini su saki, ƙarfin jini ya faɗi, leɓe da harshe da maƙogwaro su kumbura, hanyoyin iska na huhu su tsuke. Yaron da yake wasa ɗazu sai a ga murya ta dushe, yana haki, yana amai, ko ya yanke jiki ya faɗi.

Maganinsa guda ɗaya ne da aka tabbatar, allurar adirenalin a tsokar cinya ta waje. Shi adirenalin jiki ma yana yin nasa, daga wata ƴar halitta da ke bisa ƙoda, shi ne ke sa zuciya bugawa in mutum ya firgita. Allurar tana matse jijiyoyin da suka saki, ta buɗe hanyoyin iska, ta rage kumburi, duk cikin ƴan mintoci, in kuma ba a ga sauƙi ba ana iya maimaitawa bayan minti 5. Ƙwayoyin ƙaiƙayi da ake saye a kasuwa suna kwantar da kurajen fata ne kawai, ba su buɗe maƙogwaro. Haka nan nono ko man ja da akan ɗura wa wanda ake zaton ya ci guba, ga yaron da maƙogwaronsa ya toshe ƙarin haɗari ne.

Wani bincike da aka buga a Ingila a shekarar 2000, a kan mutanen da wannan ciwo ya kashe, ya auna lokacin da ke tsakanin haɗuwa da abin da tsayawar numfashi ko zuciya. Matsakaicin lokaci ga abinci minti 30 ne, ga harbin ƙwari minti 15, ga maganin asibiti minti 5. Duk maganar doka a kan waɗannan mintoci ta tsaya.

Dokokin wasu ƙasashe

Kusan kowace doka cikinsu mutuwar wani yaro ce ta haife ta. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, a 2003, wata ɗaliba ƴar shekara 13 da jikinta ba ya karɓar madara ta ci soyayyen dankali a ɗakin cin abinci na makaranta, ashe abin da aka ɗebo shi da shi ya taɓa cuku. Ta rasu. Majalisar lardin ta yi doka a 2005, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2006, wadda ta wajabta wa hukumomin makarantu su san kowane ɗalibi mai wannan larura, su rubuta masa tsari nasa na kansa, kana su horar da malamai.

A Amurka, cikin Janairu 2012, wata yarinya ƴar shekara 7 a jihar Bajiniya ta ci gyaɗa da wata abokiyar wasa ta ba ta lokacin hutun tara, makarantar kuwa ba ta da allurar da za ta yi mata. A cikin shekarar jihar ta wajabta ajiye adirenalin a makarantun gwamnati. Ran 13 ga Nuwamba 2013 shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar tarayya. Ita wannan ba ta tilasta wa kowa ba, dabara ta yi: jihar da ta wajabta ajiye maganin, ta horar da ma'aikata, ta kuma kare su daga ƙara, ita za a fifita wajen rabon wasu kuɗaɗen tallafi na yaƙi da asma. Abin da ya ƙarfafa hujjar masu neman dokar shi ne wani lissafi daga makarantun jihar Masacusets, inda aka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa allurar ba a taɓa sanin suna da larurar ba sai ranar da ta kama su. Ke nan maganin da uba ya kawo da sunan ɗansa bai isa ba, sai makaranta ta sami nata na kowa da kowa.

Ingila ta bi baya daga 1 ga Oktoba 2017, ta yarda makarantu su sayi allurar ajiya ba tare da takardar likita ba. Faransa kuwa ta fi dogara ga yarjejeniya da ake kira PAI, wadda iyaye da diraktan makaranta da likita ke sa wa hannu a kan yaro guda, a rubuta abin da ba ya ci, da maganinsa, da inda aka ajiye, da wanda zai ba shi.

In an lura, waɗannan dokoki ba kan magani kaɗai suke ba. Babban abin da suka warware shi ne tsoron malami. Allura aikin ma'aikacin lafiya ne, malamin da ya soka wa ɗan wani allura, yaron ya mutu, me zai ce wa uban, me zai ce wa alƙali? Muddin doka ba ta ce masa "an yarje maka, kuma ba za a kama ka da laifi ba in ka bi ƙa'ida", to zai tsaya yana kallo ko da maganin na cikin aljihunsa. Wannan tsoro bai san bambancin Amurka da Kurfai ba.

Zanen aro ba ya rufe katara

Dukan dokokin nan an gina su ne bisa wata allura mai kama da alƙalami, wadda aka riga aka auna mata magani, miligiram 0,15 na ƙananan yara ko 0,3 na manya. Cire murfi kawai ake yi a danna a cinya, ko ta bisa wando, don haka wanda bai taɓa riƙe sirinji ba ma yana iyawa. Wadda ta fi suna ita ce EpiPen. A Amurka kuɗin guda biyu ya tashi daga wajen dalar Amurka 100 a 2007 zuwa wajen 600 a 2016, wato fiye da jaka 300 na kuɗin sefa, har sai da majalisa ta kira shugabar kamfanin ta yi bayani. A Turai ta fi haka araha nesa, amma duk da haka ba kuɗin da kwamitin iyaye na makarantar ƙauye zai tara ba ne, ga shi kuma bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi wa'adinta ya ƙare, sai a zubar a sake saye ko ba a taɓa ta ba.

Sannan ga zafi. Masu yin allurar sun ce a ajiye ta tsakanin digiri 20 da 25, kada ta wuce 30, kada kuma a sa ta a firiji. Duk wanda ya taɓa yin Afrilu da Mayu a Filinge ya san ma'auni yana haura 40 a inuwa, aji mai rufin kwano kuwa ya fi haka. A 2022 hukuma ta ƙiyasta azuzuwan zana a Nijar sun kai wajen dubu 36, irin waɗanda ba su da ko ƙofa balle kabad mai makulli. Dokar da za ta ce kowace makaranta ta ajiye wannan alƙalami, in an yi ta a nan, a takarda za ta tsaya, ko kuma a cika akwatuna da maganin da rana ta kashe, wanda ya fi babu muni tunda ana dogara da shi. A Agusta 2024 Amurka da Tarayyar Turai sun amince da wani sabon adirenalin da ake fesawa a hanci, wanda masu shi suka ce yana jure zafi har digiri 50 na ɗan lokaci. Abin lura ne ga ƙasashen Sahel, sai dai tsadarsa ta sa har yanzu na masu hali ne.

Akwai kuma tambayar mene ne ya fi barazana ga ɗan Kurfai. A Turai da Amurka gyaɗa ce kan gaba. A nan kuwa yaro da kunun gyaɗa ake yaye shi, ya tashi da ƙuli-ƙuli da kilishi. Wani babban bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2015, ya nuna cewa jariran da aka saba musu da gyaɗa da wuri sun fi tsira daga borinta da kusan kashi 80 cikin 100. A Gana kuma, a wani bincike kan ƴan makaranta fiye da 1.600 da aka buga a 2013, an gwada jini, aka sami alamar ƙin gyaɗa ga wajen kashi 17 cikin 100, amma waɗanda suka ce tana yi musu wani abu in sun ci ba su kai kashi 2 ba, masu binciken suka danganta bambancin da tsutsar tsargiya da ke ruɗa gwajin. Wannan bai nuna cewa babu yaron da gyaɗa za ta shaƙe ba, kuma fara da ake soyawa ana sayarwa a bakin makarantu ita ma tana cikin abincin da ke tayar wa wasu. Amma hankali ya fi karkata ga harbin zuma da rina da zanzaro, waɗanda ke gina sheƙarsu a rumfa da bishiyar tsakar makaranta, da kuma magunguna irin su fenisilin da ake saye hannun masu talla a kasuwa ba tare da an tambayi kowa ba. Su ne kuwa, bisa lissafin da aka kawo a sama, masu gajeren wa'adi. Harbin kunama da sarar maciji dabam suke, adirenalin ba ya karya dafinsu, kuma wajibi ne duk wanda za a horar ya san haka.

Abin da ke hannu

Adirenalin ɗin kansa ba shi da tsada. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun jerin farko na 1977, ana yin sa cikin ƴar kwalba mai miligiram 1, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Wahalarsa awo ne. Ana auna shi bisa nauyin jiki, miligiram 0,01 ga kowane kilo, ke nan yaro mai kilo 25 rubu'in kwalbar zai samu. Wanda ya ruɗe ya zuƙe kwalbar duka, ko ya sa ta a jijiya maimakon tsoka, yana iya yi wa zuciyar yaro illa. Saboda haka ma'aikatan lafiya da ke ɗari-ɗari da a miƙa wa malamai kwalba da sirinji suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba.

Sai dai Nijar ba baƙuwa ba ce wajen danƙa wa wanda ba likita ba wani yanki na aikin lafiya. Tun cikin shekarun 1960 a jahar Maraɗi aka fara zaɓen mutanen ƙauye ana koya musu taimakon farko, a ba su akwatin magani, a kuma horar da ungozomomi, tsarin da daga baya ya bazu cikin ƙasa. Daga 2001, zamanin shugaba Tandja Mamadu, an gina ƙananan ɗakunan lafiya fiye da dubu 2 a karkara. Daga 2004 kuma, da aka fara rabon maganin tsargiya ga ƴan makaranta, malamai ne suka riƙa tsai da yara jikin sandar awon tsawo suna ba su ƙwaya gwargwadon tsayinsu. Wanda aka amince masa da wannan, ana iya koya masa gane maƙogwaron da ya fara toshewa.

Saboda haka ƙa'idar da ta dace da ƙasar Kurfai, ko doka ce ko takardar haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatar ilimi da ta lafiya, kamata ya yi ta fara da auna hanya. Hukumomin lafiya na Nijar suna lissafa mutum cikin masu samun kulawa in yana zaune cikin kilomita 5 daga gidan likita, kuma wajen rabin jama'ar ƙasa ne kawai ke cikin wannan da'ira. Kilomita 5 cikin rairayin Dallol a amalanken jaki sa'a guda ce, ko fiye. Makarantar da ke cikin garin Filinge, kusa da asibitin gunduma, ko wadda ke maƙwabtaka da ɗakin lafiya, ba ta bukatar ajiye komai. Bukatarta ita ce a tabbata kwalbar tana can, ba ta canja launi ba (mai kyau fara ce tas kamar ruwa, in ta yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa ta lalace), kuma lambar wayar majo tana rubuce jikin allo. Sau da yawa ya fi sauri a kira ma'aikacin ya taho da allura a haɗu a hanya da a jira isowar yaro. Makarantar da ke nesa kuwa, musamman mai ciyar da yara ko mai kwana, irin na yankunan makiyaya, ita ce ya kamata a ware mata akwati, da mutum biyu da aka horar aka rubuta sunayensu, da takardar awo mai nuna yawan magani bisa shekaru da nauyi, majo kuma ya riƙa canja kwalaben duk lokacin da ya fito rangadin rigakafi. Wajen zafi, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda wani malami na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo a shekarar 2000, ta cancanci masana harhaɗa magani su gwada ta su ce ko ta isa.

Matsalar tsaro ta ƙara wa lissafin nauyi. A farkon 2020 an hana zirga-zirgar babura a sassa da dama na jahar Tilaberi, alhali babur shi ne motar asibitin talaka, kuma ɗaruruwan makarantu sun rufe a jahar cikin shekarun da suka biyo, yara da yawa suka koma makarantun garuruwa inda malamai ba su san su ba, ba su san iyayensu ba. Duk ƙa'idar da za a rubuta, in ta ɗauka cewa kullum akwai abin hawa a ƙofar makaranta, ta yi kuskure tun daga tushe.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ko dala. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar ɗaukar sababbin yara a watan Oktoba, lokacin da dirakta ke tambayar suna da shekara, yana iya ƙara tambaya guda, "Baba, yaron nan ya taɓa kumbura ko ya shaƙe bayan harbin zuma, ko wata allura, ko wani abinci?" Uwa ta fi uba sanin amsar, don haka ƙungiyar iyaye mata ta makaranta ita ce mafi dacewa da bin gida-gida. Sunan da aka samu a rubuta shi cikin rajista, a aika wa majo kwafi. Makarantun horon malamai, kamar na Tilaberi da Dosso, suna iya ware yini guda su koya wa ɗalibansu alamomin ciwon da abin yi kafin allura ta iso: a kwantar da yaro a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya fi damunsa a bar shi ya zauna a jingine, in ya suma ko yana amai a juya shi bisa gefe, a cire ƙarin zuma in yana nan, kada a ɗura masa komai. Kada kuma a tsai da shi ko a sa shi ya taka zuwa likita ko da ya ce ya ji sauƙi, domin miƙewa tsaye lokacin da jini ya faɗi tana iya tsai da zuciya. Ko bayan an yi allura yaron ya farfaɗo, sai an kai shi asibiti an riƙe shi wasu sa'o'i, saboda ga wasu ciwon yakan dawo karo na biyu a cikin yinin.